Yadda Ake Kwance Injin Mota a Sake Gina Shi Domin Ya Ƙara Ƙarfi

Yi wa inji ring da metal domin ya daina hayaƙi da shan baƙin mai daban, kwance shi kaf a sake gina shi domin ya ba da ƙarfin da kamfani bai ba shi ba daban. Na farko gyara ne, na biyu kuwa lissafi. Yawancin injinan da na ga sun tarwatse bayan irin wannan aiki ba kayan banza aka sa musu ba. Kaya ne masu tsadar gaske, aka haɗa su ba tare da awo ba.

Kafin ka ɗauki sifana, ka riƙe wannan. Inji mai bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876, wanda har yau shi ne a cikin kusan kowace motar fetur, famfon iska ne: ya shaƙa, ya matse, ya ƙona, ya fitar. Ƙara masa fetur ba wuya. Iskar da za ta ƙona fetur ɗin ita ce abin nema. Saboda haka hanyoyin ƙara ƙarfi uku ne: ko ka sa iska ta fi shiga da fita cikin sauƙi, ko ka ƙara matse wadda ta shiga, ko ka dinga cusa ta da ƙarfin tsiya da turbo, wato famfon iska da hayaƙin inji ke juyawa. Duk sauran abin da za ka saya, aikinsa ya hana injin mutuwa ne a lokacin da yake ba da wannan ƙarfin.

Tun ran gini ran zane. Ka yanke shawara tun yanzu: motar zirga-zirgar yau da kullum ce ko ta filin tsere? Ɗan ƙari kake so ko rabin ƙarfinta kake son ɗorawa a kai? Wane irin fetur kake samu kullum, mai oktan nawa, wato yaya juriyarsa ga matsi kafin ya fashe da kansa? Amsar waɗannan ita za ta faɗa maka irin fistin da za ka saya, da ratar da za ka bar wa ring, da ma kaurin gasket. Wanda ya gama haɗa inji sannan tunanin turbo ya zo masa, sau biyu zai yi aikin.

Ka ji ta bakin injin kafin ka buɗe shi

Muddin injin yana tashi, ka gwada shi tukuna. Ka bar shi ya yi ɗumi, ka cire fulogi duka, ka katse wuta da mai, ka taka totur har ƙasa, ka auna matsin kowace silinda. Ba girman lambar ne abin dubawa ba, daidaituwarsu ce: bai kamata wata ta bambanta da 'yan'uwanta fiye da kashi 10 cikin ɗari ba. Wadda ta yi ƙasa, ka zuba mata kamar cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa. In lambar ta hau, ring ne ya cinye. In ba ta motsa ba, ka zargi bawul ko gasket.

In kana da injin iska, akwai gwajin da ya fi wannan. A kawo fistin can sama, bawul duka a rufe, a hura iska ta ramin fulogi, ka kasa kunne. Ta salansa take fita? Bawul ɗin hayaƙi. Ta hanyar shaƙar iska? Bawul ɗin shiga. Ta bakin zuba baƙin mai? Ring. Ruwan lagireto yana kumfa? Gasket ya ƙone ko top, wato kan injin da ke rufe silindu, ya tsage. Ka auna matsin baƙin mai shi ma, ka rubuta komai a littafi.

Kwancewa

Ka nemi littafin aikin injinka na kamfani. Lambobin da zan kawo a nan na misali ne, nasa su ne hukunci.

Ka ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo kafin ka cire, ka zuba notuna a leda ka rubuta inda suka fito. Bayan wata biyu ba za ka tuna ba, ko da ka rantse. Notunan top ana sassauta su ne daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, inji a sanyaye, in ba haka ba top ɗin alminiyam zai karkace a hannunka. Murafan metal na kirankshaf da na konrod (sandar da ke haɗa fistin da kirankshaf) kowanne da mazauninsa da inda yake fuskanta, an yanke su tare da abokan zamansu, don haka ka buga musu lamba kafin su rabu.

Kada ka yi saurin zubar da tsoffin kaya, domin suna ba da labari. Metal da ya cinye har jan ƙarfe ya bayyana ya sha ƙishin mai. Wanda ke da zane-zane a jiki datti ya bi ta kansa. Kan fistin da ya yi rami-rami kamar an yayyafa masa yashi, ƙonewar ganganci ce ta ci shi. Duk abin da ya kashe tsohon, in ba ka gano shi ba, yana nan yana jiran sabon.

Awo

Nan ne gindin aikin, nan ne kuma aka fi ƙosawa. Kana buƙatar maikiromita, da ma'aunin cikin silinda mai agogo, da miƙaƙƙen ƙarfe na duba shafewa, da siraran ganyen awo da ake kira fila geji.

Kowace silinda ka auna ta a sama, tsakiya da ƙasa, kuma a kowane wuri ta fuska biyu, tsaye da gicciye. Silinda ba ta cinyewa daidai: sama ta fi faɗi saboda zafi da matsin ring, kuma takan zama kamar ƙwai ta ɓangaren da fistin yake jingina. In ta wuce iyakar littafi, sai a faɗaɗa ta a sa fistin mai girma, wanda aka saba samu da ƙarin milimita 0.25, 0.50, har zuwa 1.00.

Wasu suna zaton faɗaɗawar nan ita ce ƙarin ƙarfi. Bari mu lissafa. Ɗauki inji mai silinda huɗu, faɗi milimita 86, tafiyar fistin 86, kamar K20 na Honda ko SR20 na Nissan: cc 1,998 ke nan. Ka faɗaɗa da 0.50, ya koma kusan 2,021. Ƙarin cc 23, kashi ɗaya da ɗan ɗoriya cikin ɗari, ƙafarka ba za ta taɓa jin sa ba. Abin da ka samu na gaskiya shi ne silinda zagayayya da ring zai kama da kyau. Saboda haka ka yanke mafi ƙanƙantar abin da zai gyara ta, musamman in turbo ne a gabanka, domin kaurin bango dukiya ne.

Ƙa'idar da ba a karya ta: ka sayi fistin tukuna, ka kai su tare da bulok wajen masu injin yanka ƙarfe, su yanke kowace silinda daidai da fistin ɗinta. Su kuma goge cikin ya fito da zane mai gilma juna kamar saƙar raga, kusan digiri 45, domin a cikin zanen nan mai yake maƙalewa. In suna da farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a madadin top yayin gogewar, su yi amfani da shi, saboda ɗaurin top yana ɗan murɗa silinda, gara a goge ta a yanayin da za ta zauna.

Kirankshaf a duba tsagewa da lanƙwasa, a auna kowane wuya. In ya yi zane, a niƙe shi a rage masa milimita 0.25 a sa metal mai kauri daidai da hakan. Fuskar bulok da ta top a ɗora musu miƙaƙƙen ƙarfe a zura fila geji. Kamfanoni da yawa ba sa yarda da ratar da ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.10.

Zaɓen kaya

Fistin iri biyu ne: na zubi, wanda aka narka aka zuba a mazubi, da na ƙira, wanda aka buga da matsi. Na zubi ba ya ƙara, yana daɗewa, kuma ya wadatar wa ɗan ƙarin ƙarfi. Na ƙira ya fi jure duka, amma ya fi kumbura in ya ji zafi, don haka ana bar masa rata mai yawa. Inda na zubi zai zauna da ratar kamar milimita 0.03, wani na ƙira sai an ba shi kusan 0.09. Shi ya sa za ka ji inji mai irinsa yana ƙwas-ƙwas da safe har sai ya yi ɗumi. Ba lalacewa ba ce, halinsa ne. Takardar da ta zo da fistin ita za ka bi, ba littafin mota ba.

Sai batun matsi. A injin misalinmu kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 500. In matsinsa 10 bisa 1 ne, wato fistin yana matse iska zuwa kashi ɗaya cikin goma na girmanta, sararin da ya rage in fistin ya kai sama kusan cc 55.5 ne. Ka sa a shafe rabin milimita daga fuskar top, ka rage abin da bai wuce cc 2.9 ba, matsi ya doshi 10.5. Ka ga yadda abu ɗan mitsitsi yake motsa lissafi. Ƙarin matsi yana ƙara ƙarfi da tsimin mai, amma yana neman fetur mai oktan sama. In bai samu ba, haɗin mai da iska zai dinga fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka a hawa. Wannan ƙarar guduma ce a kan fistin. Shafe top kuma yana matso da kam (kamshaf, sandar da ke buɗe bawul) kusa da kirankshaf, taimin ya ɗan ja baya, wani lokaci sai an sa giyar kam mai saiti an maido shi.

In turbo za ka sa, sai ka yi akasin haka. Dubi abin da Toyota ta yi da 2JZ: wanda ba turbo ya fito da matsi 10 bisa 1, mai turbo kuwa aka sauke shi zuwa 8.5, aka ƙara masa 'yan bututun da ke fesa wa fistin mai daga ƙasa don sanyaya shi. Ba don wasa suka yi ba. Iskar da muke shaƙa matsinta kusan bar 1 ne (bar ma'aunin matsi ne), turbo mai tura rabin bar yana neman cusa wa injin ƙarin rabin abin da ya saba haɗiya. Ba duka za ka samu a taya ba, saboda matsa iska yana zafafa ta, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi. Don haka intakula, mai sanyaya iskar kafin ta shiga inji, dole ce.

Injin da ba turbo, ƙarfinsa a top yake. A yi wa mazaunin bawul yanka uku, digiri 30, 45 da 60, a share gurɓin zubi da ke cikin hanyoyin iska, musamman daf da bawul. A nan hannu ya kan yi wa mutum daɗi ya yi ta ci da injin gurza har rami ya zama kogo. Garin neman ƙiba a samo rama: hanya ta yi faɗi, iska ta rasa gudu, motar ta rasa ƙarfi a ƙaramin juyi. Ni dai ra'ayina, in ba ka da na'urar auna gudun iska, ka share kawai, kada ka sauya siffa.

Kamshaf mai tsini yana buɗe bawul sosai ya kuma daɗe bai rufe ba. Yana ba da ƙarfi a babban juyi ya karɓe na ƙaramin juyi, silo ya zama mai tangaɗi. Wanda yake yini a cunkoso ya ɗauki matsakaici, ko da abokai za su ce bai yi ƙara ba. Sabon kam yana tafiya da sifirin ɗin bawul da suka dace da shi. Kuma kafin ka ce za ka ɗaga iyakar juyin inji, ka san cewa nauyin da ke fizgar konrod yana hawa ne ninki bisa ninki: daga juyi 6,000 a minti zuwa 7,000, ƙarin kashi 36 ne cikin ɗari. Notunan konrod su ke fara sallamawa, shi ya sa ake sauya su da masu ƙarfi irin na kamfanin ARP. Araha ba ta ado a wannan wurin. In ka sauya fistin ko konrod, a kai su tare da kirankshaf da filawil a daidaita nauyinsu.

Haɗawa

Bulok ya dawo daga wajen yanka yana ƙyalli, kada ƙyallin ya ruɗe ka. Cikin zanen nan cike yake da garin dutsen guga, kuma fetur ba ya fitar da shi. Ruwan zafi da sabulu da buroshi, ka cire toshiyar hanyoyin mai ka zura musu siririn buroshi, ka busar da iska, ka shafa mai nan take kafin tsatsa ta kama. Ka goga farin ƙyalle a cikin silinda. In ya fito da toka-toka, koma wanki.

Ring kuwa, a kansa na sha darasin da ba na mantawa. Na taɓa haɗa wani inji mai turbo, ring suka zo a kwalinsu da sunan silindar a jiki, na ce ai kamfani ya gama aiki, na ɗora su. Motar ta yi makonni lafiya. Ran da aka taka ta da gaske a doguwar hawa, sai ta fara tari, hayaƙi ya turnuƙe ta baya. Da na zaro fistin na uku, gefen kansa ya ɓalle kamar girman farce, bakunan ring ɗin sama biyu kuma sun yi sumul suna sheƙi, alamar sun haɗu sun yi ta turin juna. Zafi ya miƙar da ring, bai sami inda zai je ba, sai ya fasa gidansa. Da na auna na sauran silindu, ratarsu ba ta kai 0.30 ba. Ɗan hakin da ka raina.

Ga yadda ake yi. Ka sa ring shi kaɗai a silindarsa, ka tura shi da kan fistin kamar santimita 2 domin ya zauna daidai, ka auna ratar bakinsa. Abin da aka saba bi shi ne kusan 0.004 a kowace milimita ta faɗin silinda ga injin da ba turbo, wato wajen 0.35 a silinda mai 86. Mai turbo yana son 0.45 zuwa 0.50. Ka goge da fayil kaɗan-kaɗan daga waje zuwa ciki, ka kashe kaifin, kuma kowane ring ya zauna a silindar da aka auna shi. Wajen ɗorawa, alamar da ke jikinsa ta kalli sama, ka warwatsa bakunan kada su yi layi.

Ratar metal ana duba ta da zaren roba na Plastigage. Wuyan kirankshaf a bushe, ka ɗora guntun zaren, ka rufe, ka ɗaure daidai awo, kada ka juya, ka buɗe ka gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Koren yana auna 0.025 zuwa 0.076. Ƙiyasin da ake yi shi ne 0.01 a kowace milimita 10 ta kaurin wuya, wato wuya mai 50 yana son kusan 0.05. Ɓangaren bayan metal a bushe yake zama a gidansa, fuskarsa kaɗai ake shafa wa man haɗi. Duk murfin da ka ɗaure, ka juya kirankshaf da hannu. In ya yi tauri, tsaya nan, kada ka ce zai saki a hanya.

In ka sauya kam, ko ka shafe top, ko fistin mai tudu ka sa, ka manna ɗan yumɓun wasan yara a kan fistin, ka ɗora top da tsohon gasket, ka haɗa taimin, ka juya da hannu zagaye biyu, ka buɗe ka yanka yumɓun ka auna kaurinsa. Ka nemi kusan milimita 2 a bawul ɗin shiga, 2.5 a na hayaƙi.

Notunan top na injinan zamani da yawa irin masu miƙewa ne, waɗanda ake ɗaurewa da awo sannan a ƙara musu digiri. Sau ɗaya ake amfani da su. Ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Gasket na ƙarfe mai hawa-hawa ya fi jure matsi, amma yana son fuska mai santsi ƙwarai. Famfon baƙin mai, famfon ruwa, bel ko sarƙar taimin da abin ɗame ta, duka sababbi.

Mai, wuta da sanyaya

Iska ta ƙaru, dole mai ya bi ta. A tafiyar yau da kullum inji yana ƙona kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur. In an taka har ƙasa, wanda ba turbo yana son wajen 12.5 zuwa 13, mai turbo 11.5 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. In mai ya gaza a wannan lokacin, fistin ne zai biya, kuma alminiyam a digiri 660 yake narkewa, tun kafin nan ma ya yi laushi. Injekta kada su wuce kashi 80 zuwa 85 na iyawarsu, famfon fetur kuma ya iya ciyar da su. Kwamfutar inji ba ta san ka sauya komai ba, sai an sake mata saiti, ko a sa wata da ake iya rubuta wa lissafi.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin fetur ne kawai yake zama tafiya, saura salansa da lagireto suke kwashewa. Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, don haka tsohon lagireto mai toshewa ba zai ɗauka ba. Kuma kada ka cire tamostat da sunan maganin zafi. Salansa mai faɗi tana taimakon turbo, amma a injin da ba shi, in ta yi faɗi da yawa ƙara kawai za ka samu. Ƙasashe da yawa sun haramta cire matatar hayaƙi, kamfanonin inshora kuma suna son a sanar da su sauyin da aka yi.

Tashin farko

Ka zuba baƙin mai na gargajiya, ba sintetik ba tukuna. Fulogi a cire, mai a katse, ka yi ta ba shi kiyi a taƙaice har fitilar mai ta mutu. Sannan ka mai da komai ka tayar. Ido a kan matsin mai da zafi, wani kuma yana leƙen ƙasa ko akwai yoyo. In kam ɗinka irin na da ne mai gugar tafet (ƙarfen da ke tura bawul) kai tsaye, ka riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20, kada ka bar shi a silo.

Da ya yi ɗumi ba matsala, ka fita da shi. Ring ba ya zama a silo, matsin ƙonewa ne yake tura shi jikin bango. Ka taka rabi a giya ta uku, ka ɗaga ƙafa ka bar injin ya ja motar baya da kansa, ka maimaita sau da yawa. Kada ka tsaya a gudu ɗaya, kada ka kai shi ƙarshe, turbo kuma a matsi mafi ƙanƙanta. Bayan kamar kilomita 80 ka juye man, ka yanka filta ka baje takardar cikinta a rana. Ɗan ƙyalli kamar ƙura ba komai. Ɓarɓashi da yatsa zai ji, ko mai launin jan ƙarfe, kashe injin. Ka sake juyewa a wajen kilomita 1,000, ka sake gwajin matsi ka kwatanta da abin da ka rubuta tun farko.

Sai yanzu za a hau daino, na'urar auna ƙarfin inji, a ɗaura na'urar auna haɗin mai da iska a salansa, mai saiti ya sa abin sauraro a jikin bulok yana ƙara wuta digiri-digiri. Inda ƙarfi ya daina hawa, ko aka ji alamar tsakuwar nan, ka ce ya ja baya da digiri biyu ya bar shi nan, saboda ranar zafi da ranar da za ka sha fetur mara kyau. Daga nan ka sa ido a kan kuloci: a giya ta huɗu, in ka taka allurar juyi ta tashi amma motar ba ta bi ta ba, ya fara zamewa. Birki da taya kuwa, tun motar tana kan jak ya kamata a ce ka gama da su.